A Zaure Ka Tsaya, Malam: Martani Kan Masu Bin Gidaje Saboda Yara

Wata tsohuwar abokiyar aikina ce ta kawo mini rubutun a naɗe cikin jakarta, ta ce sai na karanta kafin ta tashi. Rubutu ne na wani malami da na daɗe ina bin alƙalaminsa, a kan matan nan da ke bin gida-gida suna duba masu juna biyu da jarirai da iyalan da rayuwa ta yi wa nauyi. Na karanta tana zaune. Bayan ta tafi na sake karantawa, daren nan kuwa ban yi barcin kirki ba.

Ga abin da na fahimta Malam yana cewa, in na yi ƙari ko ragi ya gafarce ni. Wannan aiki, a ganinsa, baƙon abu ne da aka yayo mana daga Turai. Yana keta sirrin gida, yana zubar da girman maigida a idon iyalinsa, yana kuma koya wa talaka cima-zaune. Mu muna da dangi da maƙwabta da malaman unguwa, sun ishe mu. In hukuma na da kuɗi ta gina makarantu da asibitoci, abin da ke bayan labule kuma ta bar wa masu labulen, sai fa in an kawo mata ƙara.

Malam, na yi wannan aikin da ka soka shekara da shekaru, da jakar awo a kafaɗa. Abin da ya raba ganina da naka abu ɗaya ne. Kai namiji ne, iyakarka zaure. In ka je gida ana shimfiɗa maka tabarma, a kawo maka ruwa a kwanon sha mai tsabta, ka tambayi iyali, maigida ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ba ƙarya ya yi maka ba, abin da ya sani ya faɗa, kuma abin da mutunci ya yarda a faɗa wa baƙo ke nan. Ni kuwa in na yi sallama ana cewa shigo, in wuce tsakar gida, in ɗaga labule, in zauna a bakin gado.

Bari in ba ka labarin gida ɗaya. Babban gida ne na gado, manya a cikinsa sun fi goma: kaka, da matan 'ya'yanta, da wata gwaggo da aurenta ya mutu ta dawo. Duk irin dangin da ka ce sun ishe mu, suna nan ba wanda ya yi tafiya. Na tarar da yaro ɗan wata goma sha huɗu a kwance kan zani a inuwar rumfa, ba ya kuka, ba ya wasa, ƙuda na bin bakinsa bai ko kore ba. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi kamar na masara. Uwar ta yi kwanika, aka ce nonon mai ciki guba ne ga yaro, aka cire shi rana ɗaya aka ɗora shi kan koko, safe koko, rana koko. Na danna babban yatsana a bayan ƙafarsa na ɗaga, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ɗaya ƙafar ma haka. Na zagaya masa ma'aunin damtse, ya faɗa kan ja, wato bai kai santimita 11.5 ba.

Kakar ta ce mini, "Haƙori ne, 'yar nan. Kin ga ma ya fara ƙiba, dubi ƙafafunsa. In ya fito zai warware."

Ba ta faɗi haka don rashin so ba. Ita ce ta sayar da akuyarta aka karɓo masa rubutu da jiƙe-jiƙe. Sai da na zo fita uwar ta biyo ni har bakin ƙofar tsakar gida, ta rage murya ta ce, "Anti, haka wansa ya yi bara waccan kafin ya koma."

Na roƙi a kira mini maigidan, na durƙusa na gaishe shi a zaure, na ce masa wannan kumburin ba ƙiba ba ce, tamowa ce da ta yi nisa, kwana kaɗan ya rage. Ranar aka kai yaron asibiti. Ya yi kwanaki a kwance, aka sallamo shi da haɗin gyaɗan nan na cikin leda, ni kuma na riƙa komawa duk mako ina awo, ina nuna musu yadda za a haɗa gero da waken suya da gyaɗa a yi masa kunu da abin da ke cikin rumbunsu. Yaron ya tashi. Wansa kuwa yana maƙabarta, kuma gida ɗaya ne, dangi ɗaya ne, so ɗaya ne. Abin da ya bambanta su, bayan ikon Allah, shi ne wannan an samu wadda ta yi sallama da wuri.

Ka kawo karin maganar nan cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne in yoyon ruwa ne, yana ɗiga a ka. Tamowa ba ta ɗiga. A unguwar da rabin yara suka tsumbure, tsumburarren yaro shi ne daidai a idon kowa, domin da wa za a gwada shi? Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne. A Jigawa 64, a Kebbi 66. Binciken ya kuma nuna cewa yaro ɗaya cikin takwas a ƙasar nan ba ya kai shekara biyar. Waɗannan yara ba daga sama suka faɗo ba, Malam, kusan dukkansu suna da uwa da uba da kakanni. In da dangi kaɗai sun isa, da ba mu ga wannan adadi ba.

Kuma ina so ka lura da abin da ya sa muke nacewa a kan kalmar "da wuri". Daga ranar da ciki ya shiga zuwa ranar da yaro ya cika shekara biyu kwana 1,000 ne, kusan. A cikin wannan ɗan taƙin ne jiki da ƙwaƙwalwa suke yin ginin da ba za su sake yin irinsa ba. Tsumburewar da ta kama yaro a nan, da wuya a warware ta daga baya, ko da an cika shi da nama da madara yana ɗan shekara bakwai. To kai ka ce a gina makaranta. Ni ma ina so a gina. Amma yaro yana shiga firamare ne yana ɗan shekara shida, shekara huɗu ke nan da rufe waccan ƙofar. Malamin aji ɗaya yana karɓar abin da aka riga aka gama ne. In ya ga yaro ba ya ɗaukar karatu sai ya ce daƙiƙi ne, a gida ma a ce daƙiƙi ne, a cire shi a ɗora masa talla ko a tura shi gareji, alhali yunwar da ya sha yana goye ce take binsa.

Batun cewa aikin baƙo ne, a nan ne na fi mamakinka, domin kai masanin al'ada ne. Mene ne goyon ciki, in ba ɗauke yarinya mai cikin fari a mai da ita gaban uwarta don a sa mata ido ba? Mene ne kwana arba'in na jego, da tsohuwar da ake turowa ta tare a ɗakin, tana gasa cibi, tana duba ko nono ya zo, tana lura ko mai jego ta cika shiru da kuka a ɓoye? Ungozoma fa, wadda ta san kowane ciki a unguwa tun kafin ya fito? Riƙo fa, inda gwaggo take ganin gidan ƙaninta ya rikice ta zo ta ce a ba ta yarinyar nan? Kakanninmu ba su jira an kai ƙara ba. Sun shiga ɗakunan juna tun abu yana ƙarami, kuma ba wanda ya kira wannan keta sirri. Da suka ce ɗa na kowa ne, nauyi suka ɗora wa kowa.

Abin da ya faru shi ne wannan ragar ta yage, mu kuma muna ta yabon ta kamar tana nan yadda take. Je ka gidajen haya na bayan gari a Kano ko Kaduna, ɗaki ɗaya iyali ɗaya, maƙwabciya ba ta san sunan maƙwabciya ba. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta haihu, uwarta na can ƙauye, kuɗin mota ya gagara tun da aka cire tallafin mai a 2023, mijin ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal. Je ka kangwaye da tashoshin Gusau da Katsina da Sakkwato ka ga matan da 'yan bindiga suka koro daga garuruwansu. Wace gwaggo ce za ta zo musu? Ita ma gwaggon tana wani kangon da nata jikokin. Matar da ke bin gida-gida da jakar awo tana tsaye ne a gurbin waccan tsohuwar da ba ta samu zuwa ba, sai dai ta ƙara da abin da tsohuwar ba ta sani ba: cewa dakashin da ake matsewa a zubar shi ne rigakafin farko na jariri, cewa nono zalla ya ishe shi har wata shida ko da zafin bazara, cewa mai ciki za ta iya ci gaba da shayarwa.

Ka kafa hujja da addini, ka tuna mana hanin da Alƙur'ani ya yi a kan bin diddigin mutane a Suratul Hujurat, da umarnin neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur. Na karɓa hannu biyu, kuma da su muke aiki. Muna sallama, a ba mu izini mu shiga, a hana mu mu juya, an kuwa sha hana ni. Amma tunda ka buɗe wannan babi, bari in tuna maka abin da ka fi ni sani, labarin da Ibn Sa'ad ya kawo a Ɗabaƙat game da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda.

Wasu fatake suka sauka a Madina, Umar ya nemi Abdurrahman bin Auf su kwana suna gadinsu. Cikin dare ya ji kukan jariri. Ya je ya yi wa uwar magana ta lallashe shi, ya dawo. Kukan bai tsaya ba, ya sake komawa. Can ƙarshen dare ya koma a karo na uku, ransa a ɓace, har ya zarge ta da rashin iya riƙon ɗa. Matar ba ta san da wa take magana ba, sai ta gaya masa dalili: yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, saboda Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba Umar ya ja salla, kuka ya hana mutane gane karatunsa. Da ya sallame ya sa aka yi shela cewa kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, daga yau duk abin da aka haifa yana da rabonsa tun ranar haihuwa, ya kuma aika da wannan umarni zuwa sauran garuruwa.

Dubi abin da ke cikin wannan labari, Malam. Ba wanda ya kai wa Umar ƙara. Kuka ya ji ya tashi ya je. Da farko ya yi abin da yawancinmu muke yi, ya ɗora wa uwa laifi. Da ya tsaya ya saurara sai ya gane talauci ne da tsarin hukumarsa suka matse ta. Bai ƙwace ɗan ba, bai hukunta ta ba, ya gyara tsarin ya sa kuɗi a hannun masu shayarwa. Duk abin da masana na yau suke kira tallafa wa iyali da wuri yana cikin wannan dare ɗaya: a je, a tambaya, a saurara, a taimaka tun yaro yana kan nono. Wannan kuwa ya faru ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, a Madina.

Yanzu bari in ba ka gaskiyarka, domin kana da ita, kuma ba kaɗan ba ce. Tsoron da mutanenmu suke yi wa baƙo mai ɗauke da magani yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara 200, goma sha ɗaya suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Ni kaina na ga irin aikin da kake ƙyama. Wata rana wasu baƙi suka zo da manyan motoci aka haɗa ni da su, suka shiga gidan wata baiwar Allah, suka ɗauki hoton ɗanta yana tsirara a cinyarta, suka cika takardu, suka tafi. Ko ƙwayar gero ba ta gani ba. Wata huɗu matar nan in ta ji muryata sai ta ce ba ta nan, kuma ban ga laifinta ba. Wanda ya mai da talaucin mutane abin ɗaukar hoto ya ci amanarsu, ya kuma ɓata wa masu yi don Allah hanya.

Sai dai ka duba yadda aka fita daga rikicin shan inna. Ba daina shiga gidaje aka yi ba. Sarakuna ne suka shigo gaba ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, malamai suka yi bayani, aka kuma ɗauki matan unguwa, waɗanda aka sani aka san iyayensu, suna zuwa suna da barka, sun san wadda ta haihu jiya da wadda ke da ciki wata bakwai. Wasunsu sun ba da ransu a wannan hanya. Ba zan manta da watan Fabrairun 2013 ba, ranar da aka harbe mata tara masu aikin rigakafi a Kano. Waɗanda suka rage suka ɗaure suka ci gaba, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar Nijeriya da Afirka sun rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yau duk damina mata na bin gidaje suna ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ana kuma buɗe musu ƙofa. Matsalar ba shigar ba ce, wace ce ta shigo kuma da wace fuska, wannan ne abin dubawa. Da ka ce a gyara yadda ake shiga, da na sa hannu a ƙarƙashin rubutunka. Amma cewa ka yi a daina.

Ka tsoratar da mu da Ingila, inda ka ce hukuma na raba iyaye da 'ya'yansu. Gaskiya ne yara sama da 80,000 suna hannun hukuma a can, kuma ba na fatan mu kai ga haka. Amma ka haɗa abu biyu da suke kishiyoyin juna. Ƙwace yaro shi ne abin da ake yi in an makara. Taimakon wuri an ƙirƙiro shi ne don kada a kai can. A 1999 gwamnatin Tony Blair ta fara shirin Sure Start, cibiyoyi a unguwannin talakawa inda iyayen yara 'yan ƙasa da shekara biyar suke zuwa da ƙafarsu, ana kuma kai musu ziyara gida. Zuwa 2010 cibiyoyin sun kai kimanin 3,600, daga nan aka zabtare kuɗinsu, da yawa suka rufe. Da masu bincike na cibiyar IFS a Landan suka bi sawun yaran, sai suka gano shirin yana hana kwanciyar asibiti sama da 13,000 a shekara a tsakanin 'yan shekara 11 zuwa 15, wato shekaru bayan yaran sun bar cibiyoyin. Darasin Ingila ke nan in za a ɗauka.

Zancen cima-zaune kuwa, ba sai mun je Turai ba, an gwada a gidanmu. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da shirin tallafin renon yara da aka fi sani da CDGP a ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Zamfara, Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa. Gwamnatin Birtaniya ce ta ba da kuɗin, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar. Mace in ta samu ciki ana ba ta naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu. Tare da kuɗin akwai ilimin ciyar da yaro, ta rediyo, ta huɗubar Juma'a, ta zaman ƙungiyoyin mata, da ziyarar gida. Mata sama da 90,000 suka amfana. Da aka auna bayan shekara huɗu, tsumburewa ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100 a tsakanin yaran da shirin ya shafa. Matan kuma ba su miƙe ƙafa ba. Sana'arsu ce ta ƙaru, suka sayi awaki da tumaki, abin da suke samu da hannunsu ya haura. Duk wanda ya san macen karkara ya san haka za ta yi, in ta samu jari kaɗan sai ta juya shi.

Akwai kuma wani gwaji da nake so ka sani, domin shi ba kuɗi aka raba ba. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki tsumburarrun yara 129 'yan wata tara zuwa ashirin da huɗu. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa tana zuwa gidansu sau ɗaya a mako, awa ɗaya, har shekara biyu. Abin da take yi shi ne ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta ambaci sunayen abubuwa, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa da robobi da tsummokaran gida. Bayan shekara ashirin aka nemo yaran, masana tattalin arziki irin su James Heckman suka duba, aka tarar waɗanda aka kai wa ziyarar suna samun kuɗin da ya fi na takwarorinsu da kashi 25 cikin 100.

Wannan ya taɓa ni ƙwarai saboda wani abu da na sha gani. A al'adarmu yarinya tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. A babban gida wannan ba ya cutar da shi, domin kaka na nan tana yi masa tawai, tana cilla shi sama, 'yan'uwa na ɗauka suna saukewa. A ɗakin haya kuwa kunyar ta biyo yarinyar, kakar ba ta biyo ta ba. Na shiga ɗakuna inda jariri ke kwance yini guda ba wanda ya dube shi ya ce masa uffan. Na kan ce wa uwar, "Ƙanwata, ba kowa a nan sai ni da ke, yi masa magana, yana jin ki." Ranar da yaron ya fara mayar mata da murmushi, da yawansu hawaye suke yi.

Ka ce hukuma ta jira sai an kawo ƙara. To bari mu ga yadda ƙarar take zuwa. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Abin da ya fi ciwo shi ne yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, saboda shaye-shaye ko ƙiriniyar da ta fi ƙarfinsu. Waɗannan iyaye ba mugaye ba ne. Sun nemi taimako ne a lokacin da babu sauran wata ƙofa sai waccan. Yaron da aka ɗaure yana ɗan shekara goma sha shida, akwai ranar da yake ɗan shekara bakwai, aka saki uwarsa ta tafi, matar uba ba ta ja shi a jiki ba, ya fara kwana a shagon unguwa, ya daina zuwa makarantar allo, wani ya miƙa masa tsumma da sholisho. Unguwa duk ta gani. Kowa ya ce sha'anin gidan wani ne. Hukumar Hisba da kotuna suna zaman sulhu da rabuwar aure kullum, ana rubuta takarda a tashi, amma wa ke bin yaran bayan wata uku ya ga inda suke kwana da abin da suke ci?

Haka ƙarar take zuwa asibiti ma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a wata shidan farko na 2025 yara 652 suka mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa, kuma ta ce rashin isowa da wuri ne ya jawo. Alhali tun 2005, lokacin yunwar da ta auka wa Maraɗi da kewaye, ƙungiyar ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, yawancinsu a gida a hannun iyayensu mata, aka tabbatar cewa yaron da aka gano da wuri ba ya ma bukatar gado. Maganin yana nan, an san shi. Mai ganowa ce babu.

Saura girman maigida, wanda ka fi damuwa da shi. Ni ma na damu da shi, shi ya sa ban taɓa shiga gida ban fara gaida mai unguwa da maigidan ba, kuma ban taɓa faɗa wa mace abin da zai sa ta raina mijinta ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ga magidanta da suka ɗaure mini fuska ranar farko, daga baya su ne suke aiko yaro ya kira ni in matar ta samu wani cikin. Na kuma ga magidanci ya fito daga ɗaki rungume da ɗansa a naɗe cikin tabarmar kaba, ya kasa ɗaga ido ya dubi mutanen da ke zaure. In akwai abin da ke karya namiji a gidansa, wannan ne, Malam, ba sallamar malamar asibiti ba.

Inda nake da ƙorafi, kuma nake so ka ara mana alƙalaminka, shi ne mun bar wa baƙi wannan aiki. Shirin Zamfara da Jigawa ya tsaya da kuɗin Birtaniya suka ƙare. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, cibiyoyi da dama a Arewa suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin CHIPS na ma'aikatan lafiyar unguwa a 2018, jihohi sun sa hannu a dokokin kare yara, Kano ma ta sa a 2023, amma doka ba ta da ƙafar da za ta shiga lungu. Matan da ke yin aikin da yawansu 'yan sa-kai ne, ɗan alawus ɗin ma sai ya yi watanni bai fito ba. In ba ka son baƙo ya shiga ɗakin 'yarka, ni ma ban fi son haka ba. To mu ɗauki namu mu biya su.

Ina kira ga gwamnoninmu su sa albashin waɗannan mata a kasafin kuɗi, kowace unguwa da tata, 'yar unguwar, wadda aka horar aka kuma rantsar a kan riƙe sirri. Hukumomin zakka da waƙafi su ware kaso na masu ciki da masu shayarwa kamar yadda Umar ya yi. Duk inda aka raba aure da ƙananan yara a tsakani, alƙali ko Hisba su sa a riƙa leƙa yaran. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa buɗe wa mai awo ƙofa ba abin kunya ba ne.

Kai kuma Malam, ga roƙona gare ka. Ma'aunin damtse ɗan siririn abu ne, ana samunsa a asibitin sha-ka-tafi, koyonsa ba ya cin minti goma. Ka karɓo ɗaya ka ba Hajiya ko wata 'yarka, ta yi sallama a gidaje goma na layinku, ta auna duk yaron da ya wuce wata shida bai kai shekara biyar ba. In ta dawo ka tambaye ta nawa ne suka faɗa kan ja ko rawaya, ka tabbatar an kai su asibiti a ranar, sannan ka sake ɗaukar alƙalami.